Damisar Cikin Hoto

Abu Hamour, Doha.

Zalihatu tawa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da Inna. Ni ma lafiya lau, sai zafin garin nan.

Na ji damisa ta yi yawa a dutsen garinmu tun da aka bar gonakin nesa daji ya cinye su, har tana shigowa ɗaukar awaki da rana tsaka. Abin da ya tayar mini da hankali, an ce dattawa sun zo gida da hoton nan da na ɗora hannu a kan damisa, wai kyan ɗa ya gaji ubansa, maganin dawa na marigayi Baba Sarkin Baka yana jininmu, don haka ƙanena Nasidi ya fita ya raba su da ita.

Zalihatu, damisar gonar maigidan da nake yi wa direba ce. An cire mata farata, an goge mata fiƙa. Burga kawai na yi. Nasidi kuwa tela ne, ko kaza zai yanka sai ya kau da kai. Don Allah ki je da kanki ki faɗa masa.

Mijinki,
Ɗalhatu

Zalihatu,

Bayan gaisuwa, ya haƙuri? Ya jikin Inna?

Ban ga laifinki ba, kin isar da saƙo. Amsar da kika ce ya ba ki ce take cin raina: "Na sani, ai Yaya ko kare tsoro yake ji. To in ba gidanmu ba, wa zai fita?" Allah ya jiƙan Nasidi. Ina tuƙi hawaye na zuba, har maigida ya ce halas, wato ya isa haka, in tafi gida.

Ki mayar wa mutane yadinsu da ke shagonsa. Ki ja matarsa Safiyyatu a jiki.

Kin ce yanzu dattawa na cewa ƙaramin ne bai gada ba, a jira babban. Na yi niyyar in tsaya a ƙofar masallaci in faɗa musu gaskiya, kuma zan faɗa. Amma gaskiyata ba za ta kori damisa ba, ga shi ta gindin dutsen nan yaranmu suke bi zuwa makaranta. Tsoro nake ji ƙwarai, ke kaɗai na faɗa wa.

Ina nan tafe. Ki karɓo bindigar Baba wurin maigari, a goge ta. Kada Inna ta gani.

Naki har kullum,
Ɗalhatu