Haddar shataranji da na ɗora wa taubashina

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma duk wanda hannunsa ke ƙaiƙayin zagina ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Na san abin da na yi ba shi da kyau, ba sai an faɗa mini ba. Amma ni ma an yi mini, shekara da shekaru, kuma babu mahaluƙin da ya taɓa buɗe baki ya ce ya isa haka.

Shekarata arba'in da shida, ina gyaran injinan ban ruwa a wani ƙauyen mutanenmu Hausawa kusa da Sinnar, a ƙasar Sudan. Ina da taubashi, ɗan kawuna, ya girme ni da shekara biyar. Bari in kira shi Hamidu, ko da yake ba sunansa ke nan ba. Kowa ya san dokar taubasantaka: ya faɗa maka abin da ya ga dama a gaban kowa, kai kuma ka washe baki. In ka ɓata rai, kai ne ba ka san zumunci ba. To Hamidu ya riƙe dokar nan kamar don shi kaɗai aka kafa ta. Allah ya ba shi baki, ya ba shi kai mai riƙe abu, ni kuwa sai na kwana biyu kafin amsar da ta dace ta zo mini.

Da girmanmu muka koyi shataranji, darar nan da Bature ke kira chess. Wani malamin makaranta da aka turo mana ne ya kawo allon zuwa nadi, wato ɗakin da maza ke taruwa bayan la'asar a sha shayi. Hamidu ya kama wasan nan da nan, yana taka ƙwaya kamar mai tsintar gyaɗa, yana surutu yana ba mutane dariya. Ni ina daɗewa ina tunani, sai ya laƙaba mini Kunkuru, sunan ya bi gari har yara. Duk wannan na shanye. Abin da ban shanye ba shi ne ranar sunan 'yata, da ya sa aka kawo allo tsakar taro, surukina na zaune, ya cire wazirinsa, ƙwayar da ta fi kowace ƙarfi, ya jefa aljihu. Ya ce, “Ku kawo ma Kunkuru gadon angarib shi kishingiɗa, in ya gama tunani ku tashe ni.” Ya cinye ni ba waziri. Surukina ya yi dariya har da share hawaye da bakin rawani. Ni ma na yi dariya, to ya zan yi? Amma ranar ban iya haɗiye naman sunan 'yata ba.

Na je wurin malamin nan kafin a sauya masa wurin aiki, na ce ya gaya mini yadda babba ke ƙwarewa. Ya ce babba ba shi da lokacin yaro, don haka kada in ɓata shi. Kullum bayan sallar asuba, kafin in fita aiki, in warware matsalar shataranji goma a waya, ba hannu, da ido kawai, sai na tabbata sannan in taɓa. Duk wasan da aka ci ni in rubuta shi a daftari, in sake jera ƙwayoyin ni kaɗai har in gano takun da ya kashe ni. Ya kuma ce kafin kowane taku in tambayi kaina, shi wancan me yake nema da abin da ya taka yanzu? Na bi wannan kamar shan magani. Akwai ranakun da nake tsugune a bakin tur'a, wato magudanar ban ruwa, ina jiran inji ya huce, ina zana allo a ƙasa da sifana. Shekara ba ta cika ba na fara cin Hamidu, daga baya ma ya zama ba ya samuna sai jefi-jefi.

Ran nan sai ga shi a rumfar aikina da butar jabana, wato gahawa, a hannu. Ya ce, “Ya zol, kai mutumin ga, mi kaka ci ne? Ban so in tambaye ka, amma kunya ba ta kashe ni. Mu riƙa zama ran Juma'a bayan salla, ka hwaɗa min inda nika kuskure, in hwaɗa maka naka.” Na ce to. Kuma a nan zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi: shi ya cika alkawari. Da tsiya yake faɗa, amma daidai yake faɗa. Shi ya nuna mini ina tsoron musayar waziri, ina ja da baya ko da ni ke da rinjaye, na gyara na ƙara ƙarfi.

Ni kuwa na san ciwonsa tun ranar farko, abu ɗaya ne tak. Da zarar ya ci ƙwaya sai ya ɗaga kai ya dubi 'yan kallo ya saki magana, ya taka na gaba bai ko dubi abin da aka shirya masa ba. Da na ce masa ya zauna a kan hannayensa ya ƙirga goma, da wata uku ya wuce ni, don ya fi ni gani nesa ba kusa ba. In ba shi wannan? In ɗauki sandar da aka yi shekaru ana dukana da ita in gyara mata mariƙi in miƙa masa? Sai na ce masa warware matsala a waya wasan yara ne, manya hadda suke yi. Na sayo wani ƙaton littafin Larabci a Sinnar, mai koyar da hanyoyin buɗe wasa, shafi bayan shafi na taku ashirin-ashirin a jere, irin wanda ko gwanaye ba sa haddacewa haka kawai ba tare da sun fahimci dalili ba. Na ce, “Kai da Allah ya ba kai, ga abincinka.” Ya karɓa yana godiya.

Shekara biyu bawan Allah nan yana hadda. Yana ban ruwa a hawasharsa, wato gonarsa, yana maimaitawa. Rubutun littafin ƙanana ne, idonsa kuma ya fara rauni, don haka ran Juma'a ni ke riƙe littafin shi yana kawowa da ka, kamar mai ba da tilawa. Dole su cakuɗe masa, wa ba za su cakuɗe wa ba? In kuma muka zauna wasa, a taku na huɗu sai in kauce daga abin da ya haddace, ya rasa inda zai dafa, ya ci ƙwaya, ya ɗaga kai, in kashe shi. Ga wanda ya fi muni. Sau uku ko huɗu ya kawo layin daidai tun daga farko har ƙarshe, na dubi littafin na ce, “A'a, doki ne ba giwa ba. Ai makon jiya ka iya shi.” Sai ya shafa ƙeya ya ce, “Haka ne? Ma'alesh, yi haƙuri, mu sake.” Bai taɓa cewa in ba shi ya duba ba. Na ji daɗi a lokacin, ba zan yi muku ƙarya ba. Na ga mutumin da ke da amsa a kan komai ya rasa ta cewa.

Kwanakin baya wasu matasa suka shirya 'yar gasa a Sinnar, muka je mu biyu. Ni na yi abin kirki. Shi kuwa samari suka yi ta juya shi, har wani ya cinye shi kafin shayinsa ya huce. A mota da muke dawowa ya jingina kai da taga yana ta kallon hanya har muka iso. Na zaci zafin kaye ne, na ce a raina ɗanɗana ka ji.

Abin da na manta, ko in ce na ƙi tunawa, shi ne yadda Kawu ya ƙare. Mahaifin Hamidu ruɗewa ta kama shi tun bai tsufa sosai ba. Ya fara da manta inda ya ajiye abu, ya kai ga bai gane 'ya'yansa, ana tsinto shi a bakin tur'a yana neman gidan da aka rushe tun muna yara. Hamidu ne ya yi jinyarsa har ya cika. Kuma Hamidu ne ke jan salla a masallacin unguwarmu duk ranar da liman ba ya nan, don ya fi kowa riƙe karatu. Makon da ya wuce liman ya yi tafiya, aka ta da iƙama ta magariba, kowa ya juya yana jiransa. Sai ya noƙe ya tura wani gaba, ya koma sahu na biyu. Matarsa ta gaya wa matata wai yanzu sai ya zaunar da ita ya ce ta tambaye shi sunayen jikokin gidansu ɗaya bayan ɗaya, in ya ɗan yi jinkiri sai ya tashi ya fita.

Shekaranjiya ya zo rumfata. Bai kawo jabana ba, bai ce Kunkuru ba, da sunana na yanka ya kira ni. Ya zauna a kan wani tsohon inji ya ce, “Ɗan'uwa, kai ka ganin kaina kowace Juma'a. Shekara biyu ina karatu, ko tsinke ban ƙaru ba. Abin da na iya jiya, yau babu shi, kai da bakinka ka sha hwaɗa min. Haka abin Baba ya hwara. Don Allah kak ka ɓoye min, ka ga alama?” Na ce, “Haba, Allah shi sawwaƙe, gajiya ce.” Ya girgiza kai ya ce, “Halas, na yanke. Assabar za ni Sinnar ga diktor. Kai nika so ka raka ni, ka hwaɗa mai abin da ka gani, don kai kaɗai ka san sau nawa na manta. Ban son yara su ji tukuna.”

Tun da ya fita nake cikin fushi, kuma na rasa wanda zan sauke wa. Ina jin haushin mutanen nadi da suka yi shekaru suna ƙyaƙyata dariya, ba wanda ya taɓa jan Hamidu gefe ya ce wasa ma yana da iyaka. Ina jin haushin al'adar da ta ce in an ci mutuncinka a gaban surukinka ka yi tafi. Ina jin haushin Hamidu kansa. Me ya hana shi ya fizge littafin ya duba ko sau ɗaya? Me ya sa sai yanzu zai zo mini da sanyin murya, ya mayar da ni azzalumi shi ya zama abin tausayi? Shi ya fara, wallahi shi ya fara. Amma in na kai nan sai in tuna shi a gaban mutane ya yi mini nasa, da rana tsaka, kowa na gani. Ni kuwa na zauna kusa da shi a tabarma ɗaya bayan sallar Juma'a, na sha jabanarsa, na dube shi na ce ya manta abin da bai manta ba. Wane irin mutum ne ke yin haka ga ɗan kawunsa saboda wasan katako? Kunyar kaina nake ji, har ba na son haɗa ido da matata.

Na yi tunanin in gyara a ɓoye, in ce masa mu ajiye littafin, in koya masa abin da malamin ya koya mini, ya ga ya fara ci, hankalinsa ya kwanta. Amma wannan sai an yi watanni, Asabar kuwa jibi ce. In na faɗa masa gaskiya, na san zai samu barci, zai koma gaban sahu. Na kuma san Hamidu, bakinsa ba ya riƙe abu, kafin la'asar gari ya ɗauka. Mahaifiyata tana raye, Hamidu ɗan wanta ne, ita ta goya shi. Da wane ido zan dube ta? In kuma na yi shiru na bi shi, likita zai juyo ya tambaye ni ko gaskiya ne yana mantuwa, Hamidu na zaune yana kallon bakina. In ce e, in ƙara masa ƙarya a kan ƙarya, wataƙila har a ɗora shi a kan maganin ciwon da ba shi da shi? In ce a'a, ya tambaye ni to waɗancan Juma'o'in fa?

Ɗazu ya aiko a gaya mini ya kama mana kujera biyu a motar farko, kuma wai in taho da littafin don likita ya ga irin abin da yake mantawa.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?