Naushin Gaske a Kokawar Ƙarya

Jackson, Tennessee
21 ga Nuwamba, 1989

Yaya Lurleen,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Hoyt da jikoki. Yaya gwiwar taki? Allah Ya ƙara sauƙi.

Yaya, an wulaƙanta ni ranar Asabar. Tafi aka yi mini! Shekara goma sha bakwai ina hawa dandamalin kokawa da sunan Boris Dodon Mosko, kai a aske ƙwal, jar tuta a kafaɗa, ana tofa mini yawu ana jifana da gwangwanin giya tun daga Tupelo har Paducah. Jawo ƙiyayya ita ce sana'ata, kuma ban ga wanda ya fi ni iya ta ba. Sai kawai Jamusawa suka rushe bangon da ya raba ƙasarsu a talabijin, aka ce gaba da Rasha ta ƙare, sakarkarun nan suka wayi gari suna tausayina. Tsohuwar nan ta layin gaba, wadda ta taɓa soka mini allurar hula a cinya, ita ce ta tare ni da kek ɗin tuffa. Wai, "Barka da samun 'yanci, ɗan nan, yanzu sai ka je ka ga mamanka." Mamar da ke kwance a kabari a bayan cocin Pine Bluff! Dokar sana'a ta hana ni buɗe baki da karin harshen garinmu a gaban 'yan kallo, don haka na yi gurnani na karɓi kek.

Kin dai san kokawar nan shiri ce, tun a ɗakin sa kaya ake faɗa mana wanda zai faɗi. Yanzu Lamar Gaskin, mai kamfaninmu, ya kawo wani mai farin gashi, Chip, wai shi ne Gwarzon Amurka. Tsoka ce ta allura, kai kuwa babu komai. Ni nake ɗaga kaina in maka da ƙasa, shi yana tsaye yana gyaran gashi.

Kin tambaye ni labarin ɗana Wendell. Ya shiga soja, a bakin uwarsa na ji, kuma sunan gidan su uwar tasa yake amsawa yanzu, ba nawa ba. An ce ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa, to a gidana uban ne ya jawo wa ɗan. Sau nawa ya dawo daga makaranta da fasasshen leɓe don an ce ubansa ɗan Rasha ne, ni kuwa na hana shi faɗin gaskiya. Ina kewarsa, Yaya, ba zan ɓoye miki ba.

Ƙanenki,
Orville

14 ga Oktoba, 1990

Yaya Lurleen,

Ina gaishe ki da kowa da kowa. Na ji Hoyt ya daina taba, Allah Ya sa ɗorewa ce.

An kai rundunar su Wendell Saudiyya don shirin yaƙi da Iraƙi, kin sani. Abin da ba ki sani ba shi ne na tashi daga ɗan Rasha na koma ɗan Iraƙi. Gaskin ne ya kira ni ofis, ƙafarsa a kan tebur, ya ambace ni da sunan gidanmu kamar kullum.

"Tackett, Rasha ta mutu. Ka bar gashin baki, daga yau kai ne Janar Hakim."

Na ce, "Lamar, ɗana fa yana can cikin rairayi."

Ya ce, "To sai me? Ni na tura shi? Kana son ihu ko kana son kek?"

Ya san inda ke mini ƙaiƙayi, ɗan banza. Aka yanko labulen matarsa aka naɗa mini rawani, na shafa wa gashin baki man goge takalmi. Larabcin da nake yi sunayen kayan miya ne nake karantawa ta baya, su kuwa har kumfa suke yi don fushi. Jakuna! Kowa ya ɗaure ƙyalle mai ruwan ɗorawa a eriyar mota don tuna sojoji, amma ki miƙa musu taswira ki ce su nuna Iraƙi, wallahi Kanada za su taɓa. Mutum dubu uku a zaure, an fasa mini gilashin mota sau biyu. Kunyar faɗa nake ji, amma na yi barci mai daɗi.

Don Allah in kin rubuta wa Wendell kada ki ambaci wannan.

Naki,
Orville

9 ga Mayu, 1991

Yaya Lurleen,

Barka da arziki! Wendell ya dawo lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Ki gode wa matan coci da addu'a.

Ashe ɓoyon da na yi banza ne. Wani ya aika musu kaset ɗin kokawa can sansani, suka kalle ni su arba'in a cikin tanti ina goge takalmina da tutar ƙasa. An ce Wendell bai nuna ya san ni ba.

Shi kuwa Gaskin, wanda zai iya sayar da gawar uwarsa in za a cika kujeru, ya samo dabara. Zai shirya babban wasan taryar sojoji. Bayan na tumurmushe Chip, sai wani soja na gaske ya taso daga cikin 'yan kallo da kakinsa, ya haura igiyar dandamali, ya sheme Janar Hakim da naushi ɗaya. Kuma wa ya je ya samo? Wendell. Na ce ba zai taɓa yarda ba. Yaya, ko minti ɗaya bai ɗauka yana tunani ba.

Jiya muka haɗu don gwaji. Ya yi tsawo, ya yi baƙi, kafaɗun Baba ne sak. Na nuna masa yadda ake yi: a sassauta yatsu, a buga ƙafa a katako don ƙara, hannu ya shafi gefen wuya ya wuce, sauran aikin na mai faɗuwa ne. Na ce, "Ka gane, ɗana?" Ya ce, "Na gane, yallaɓai." Yallaɓai, kamar wani kyaftin ɗinsa. Duk da haka minti ashirin muka yi a wuri ɗaya, har na riƙe masa gwiwar hannu ina gyarawa.

Ki sa Hoyt ya kama tashar ranar takwas ga Yuni.

Ƙanenki,
Orville

Asibiti, Jackson
12 ga Yuni, 1991

Yaya Lurleen,

Ina gaisuwa. Ki daina kiran waya kina kuka, ba zan iya amsawa ba, an ɗaure mini muƙamuƙi da waya. Romo nake zuƙa ta tsinken shan lemo.

Kin dai gani. Bai sassauta yatsu ba, bai buga ƙafa ba. Ya dunƙule hannu ya zuba mini da duk ƙarfin da soja suka ɗura masa, ƙashi ya karye gida biyu. Ina kwance ina haɗiyar jini, shashashun nan suna tsalle suna kaɗa tuta, a zatonsu ƙasarsu ce ta sake cin yaƙi. Wani ƙato ma kuka yake yi da ɗan yaro a wuya. Ba su san komai ba, ba za su taɓa sani ba.

Abin da talabijin bai ɗauka ba, da ya sunkuyo kaina kamar mai zagi, cewa ya yi, "Yanzu ma kada in faɗa musu ko kai wane ne, Baba?" Nan take sojoji suka ɗauke shi a kafaɗa suka fita.

Bai zo asibiti ba. Wanda ya zo Gaskin ne, da furen roba, bakinsa har kunne.

"Tackett, ban taɓa ganin faɗuwa mai kyau irin wannan ba! Tupelo na so, Paducah na so. Yaron ya ce in kai ka yarda, shi a shirye yake."

Likita yana tsaye ya ce, "Malam, in aka sake bugun wurin nan ba lallai ya haɗu ba. Da tsinke zai ƙare rayuwarsa."

Gaskin ya ce, "Ai da ma Janar ba ya jin Turanci, me zai yi da baki?"

Na so in shaƙe shi da robar ƙarin ruwa. Maimakon haka na jawo allon da suka ba ni na rubuta masa: Tupelo, ƙarshen Agusta.

Na san abin da za ki ce, ki riƙe abinki. Ba ihun nake bi ba wannan karon. Shekara tara yaron nan bai kira ni Baba ba sai ranar nan, kuma babu wani wuri a duniya da zai yarda ya matso kusa da ni sai tsakanin igiyoyin nan. In akwai sauran naushi a cikinsa, gara ya sauke shi a kaina ya huta. Zan ɗaga masa haɓa da kyau.

Ki gaida Hoyt da yara.

Ƙanenki,
Orville