Ƙura a Kan Gilashi

Whitby, Afrilu 1857

Yaya Georgiana,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taki? Ina fata ta yi sauƙi, yara kuma suna lafiya.

Abin da kika ji gaskiya ne, maigidana Ambrose ya ajiye burushi ya sayi akwatin ɗaukar hoto. Wa zai yi makonni yana zama gaban mai zane, alhali akwati na gamawa kafin shayi ya huce? Yatsunsa sun yi baƙi ƙirin da maganin wanke hoto, ni kuwa kullum ina bayansa ina leƙe. Sai ki ga mutum ya fito a jikin gilashi kamar an kira shi. Amma abin ba shi da kara, matar mahauci har gashin haɓarta bai bar mata ba.

To, yanzu ni yake so ya ɗauka. Kin san zanzanar da agana ta bar mini. Tun aurenmu yake zana ni, bai taɓa sa ko ɗigo ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Kunyar fuskata yake ji, ko tausayina? Ina tsoro, Yaya, amma son sani ya fi ƙarfina.

Ƙanwarki,
Lavinia

Whitby, Mayu 1857

Yaya,

Ina gaisuwa, ki shafa mini kan yara.

Na zauna. Ya tokare mini ƙeya da ƙarfe don kada in motsa, ya ɗauki hoton, sannan na bi shi ɗakin duhu inda yake wanke hotuna. Ga ni nan na fito a jikin gilashi, zanzana ɗaya ba ta ɓuya ba, har ta fi ta madubi baƙi. Na ƙura wa Ambrose ido.

Ya ɗaga gilashin ya yi tsaki. "Dubi ɓarna, Vinnie. Ƙura ta bi ta ɓata miki fuska."

Na zaci zolaya ce. Ina! Ya goge wani gilashin ya sake ɗauka, ɗigon suka dawo inda suke. Ya dubi hoton, ya dube ni ido da ido, ya ce mai sayar da gilashi ne ya cuce shi.

Yaya, ashe ba ɓoyewa yake yi ba. Mutumin nan ba ya ganinsu ne kawai. Na shige kicin na sha kukana, na kuma yi dariya har cikina ya ƙulle.

Yana can ƙasa yana wanke sabon gilashi yana mita. Gobe zan sake zama masa, kuma ba ni zan faɗa masa ba.

Taki har kullum,
Lavinia