Na daina ɗaga faifai, Inna

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ta ladabi daga autarki, da fatan makwancinki yana cike da haske. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, amma labari ne ke cina, kuma babu wanda zai yi masa dariya kamar ke.

Karatun nan da kike cewa ba shi da ranar ƙarewa, ya ƙare. Yanzu aikin bincike nake yi a wata ƙasa mai sanyi. Idan mutanen garinmu Gazara suka tambayi Yaya Hadiza sana'ata, cewa take yi kiwon huhu nake yi, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Ga yadda abin yake. Muna ɗibar ƙwayoyin halitta daga jinin mutum, mu lallaɓa su har su koma irin na ɗan tayi, waɗanda ba su riga sun zama komai ba. Sai mu yi makonni muna ba su wani ruwa ja-ja a matsayin abinci, har su zama ɗan guntun huhu da bai kai ƙwayar gero ba. A kansa ake zuba cutar tarin fuka, a ga yadda take shiga da yadda take ɓuya wa magani. Wannan tarin dai, Inna, wanda ya raba mu.

To, sau uku ina rainonsu suna mutuwa. Shugabar ɗakin gwajinmu mutuniyar kirki ce, amma ba ta wasa da aiki. Ta ce idan na huɗu ya lalace, wani za a miƙa wa aikin. Na ji tsoro ƙwarai, don saboda wannan aikin na baro gida.

Wata safiya na fito da farantinsu daga akwatin ɗumi don in duba su a madubin ƙara girman abu, karo na biyar ke nan tun isowata. Sai na tuna ƙwaryar nononki. Kin dafa madara, kin zuba ɗan tsohon nono, kin rufe da faifai kin tura lungun ɗaki. Ni kuwa bini-bini na je na ɗaga faifan in ga ko ya yi barci. Kina daga bakin murhu kike cewa, “Auta, idonki ba ya cikin kayan haɗi. Rufe min ƙwarya.”

Ashe abin da nake yi wa huhun nan ke nan. Kowane leƙe sai sun sha sanyi. Ga ni da Dakta a gaban suna, amma halin yana nan yadda kika bar shi. Na yi wa kaina doka: sau ɗaya a rana, lokacin ba su abinci. Wallahi na sha wuya, har kewaya akwatin nake yi ina harararsa.

Jiya na duba. Suna nan da ransu, har sun fitar da 'yan gashin nan masu share majina, suna ta kaɗawa kamar dawar Gazara idan iska ta taso. Na yi dariya, na yi kuka, abokan aikina suka zaci wani abu na fasa.

Kin tuna kofin silbar da aka ɗaura wa jan zare lokacin jinyarki, don kada kowa ya sha da shi? Kin mayar da abin wasa, kina kiransa kofin manya. Yanzu na san ta iska cutar take bi, ba ta kofi ba. Taga ya kamata mu buɗe, mu kuwa muka rufe ta don kada sanyi ya kama ki, muka bar ki kina sha ke kaɗai. Wannan yana min ciwo har yau.

Ranar Litinin zan zuba wa 'yan huhun nan cutar, kuma a wannan karon ni zan zuba mata ido. Kofin yana kan teburina, ban kwance zaren ba. Da shi nake shan shayi kullum.

Allah ya jiƙanki, ya sa jinyar da kika sha ta zama kankarar zunubi, ya shayar da ke daga Alkausara cikin taron jama'a.

Taki har abada,
Auta