Kai Ka Riƙe Sa'idu Ranar da Aka Yi Masa Zane

Zuwa ga Shaihu Idrisu Mai-Turare,
Shugaban Kwamitin Kare Haƙƙin Takari na Jarwal da Zahir,
Makka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa irin wadda ƙane ke yi wa wansa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran dattawan kwamiti. Ni ne Haruna Bagobiri, mai duba kurakuran rubutu a maɗaba'a. Kai ka san ni, na faɗi sunana ne saboda waɗanda za a karanta wa wannan takarda a zaurukan Jarwal. Na so a ce maganar ta ƙare tsakaninmu a shagonka. Ba ta ƙare ba, jirgin ruwa kuma ba zai jira mu ba.

Ga abin da ya faru. A watan Muharram na bana, lokacin da ake kamen alhazan da suka ƙi komawa gida, ɗana Sa'idu, wanda yake gyaran mota a Zahir, ya tafi unguwar Kudai duba wata babbar mota da ta mutu a hanya. Aka tare shi, aka nemi takarda, babu. Aka dubi zanen Gobirawa a kumatunsa, aka sa shi cikin baƙi. Yanzu yana tsare a Jidda, an ce mana jirgin da zai kwashe su zuwa Sudan zai tashi kafin Safar ya ƙare. Umda, wato mai unguwarmu, ya ce idan mutum biyu masu tabi'iyya, takardar zama ɗan ƙasa, suka rantse a gabansa cewa a nan aka haifi yaron, zai rubuta a sake shi. Shaida biyu kawai. Na samu ɗaya. Na biyun kai ne, ka ƙi.

Na ɗaya, inda aka haife shi. Ni da matata da mahaifiyata mun taso daga Gobir a ƙasa, muka bi ta Cadi, muka yi shekaru muna tsinkar auduga a Sudan kafin mu tsallako teku. Ɗakin farko da muka kama a Makka yana cikin gidan marigayi mahaifinka, Allah ya gafarta masa. A wannan ɗakin aka haifi Sa'idu, cikin shekarun babban yaƙin duniya, lokacin da ba wanda ke rubuta haihuwar irinmu. Ungozomar ta rasu. Wanzamin ya rasu. Yaron bai taɓa wuce Jidda ba. Hausarsa ba ta kai ya yi cinikin fura a kasuwa ba, da Larabci yake ba uwarsa amsa. Wannan shi ne mutumin da za a ce wa ya koma gida.

Na biyu, zanen. Ranar suna, mahaifiyata ta dage sai an yi wa jikanta askar gidansu, wai don kada ɗa ya ɓace wa dangi a ƙasar mutane. Ni ban so ba. Kai ne ka ja ni gefe ka ce in ƙyale tsohuwa, bin iyaye ya fi gardama. Kai ka karɓi jaririn ka ɗora a cinyarka, wanzami ya yi aikinsa. Jini ya ɓata maka farar riga, ka yi dariya ka ce in ya girma shi zai ɗinka maka sabuwa. Ba na tuna maka wannan don in ɗora maka laifin zanen. Ina tuna maka ne domin a duk masu rai yau, ba wanda ya fi ka sanin cewa a Jarwal aska ta taɓa fuskar nan, ba a Gobir ba.

Zane ba ya nuna inda aka binne cibiyar mutum, yana nuna inda wanzami ya samu jariri ne. Duk wanda ya karanta labarin wannan gari ya san mutanen Makka kansu sun daɗe suna yi wa 'ya'yansu tsage uku a kumatu, har yau ana ganin tsofaffi da shi a kasuwa. Ba a taɓa sa ɗayansu a jirgi saboda shi ba. Ban zargi wanda ya tare Sa'idu ba, baƙon al'adarmu ne, da abin da ya gani ya yi aiki. Gyara irin wannan kuskuren shi ne dalilin kafa kwamitinku.

Na uku, ba zan ci haƙƙin kwamiti ba. Ku kuka tsaya har aka daina tura matanmu ƙarshen layi a wurin ɗibar ruwa. Ku kuka sa aka karɓi yaranmu a makarantar da ta saba cewa ta cika duk ranar da ta ga baƙar fata. Bayan shelar haramta bauta, da wasu suka ci gaba da kiran kowane Batakare, wato irinmu da muka zo daga ƙasashen yamma, bawa a bainar jama'a, kai da kanka ka je gaban manya ka yi magana. Ni na shirya ƙa'idojin kwamitin a maɗaba'a, na buga su kyauta, na bi zaure zaure ina karanta wa mutane. Waɗanda suka ce kwamitin na haifaffun Makka ne kawai, ba na masu zuwa a ƙasa ba, ni na riƙa ƙaryata su. Yau ina jin nauyin haɗa ido da su.

Na huɗu, dalilan da ka ba ni. Da na fara zuwa wurinka, bayan na kai wa kwamiti ƙarar Sa'idu, ka ce ɗan kwamiti ba ya ba da shaida a kan ƙarar da ke gaban kwamiti. Abin da ƙa'idar ta ce shi ne, wanda yake shaida a magana ba ya zama cikin masu yanke ta. Kujerar ake bari, ba shaidar ba. Duk da haka ban ja da kai ba, na je na janye ƙarar, na dawo maka a matsayin maƙwabci. A nan ne ka faɗi ainihin abin da ke ranka. Ka ce idan aka ga shugaban kwamiti yana rantsuwa a kan mai zane, za a ce kuna shigar da baƙi cikin 'yan ƙasa da shaidar zur, ƙofofin da kuka sha wahalar buɗewa su rufe. Ka ce in yi haƙuri, mutum ɗaya ba ya jawo wa dubu asara.

Na yi tunani a kan wannan magana sosai, domin ba maganar wawa ba ce. Ga inda na tsaya. Shaidar zur ita ce faɗin abin da ba ka gani ba. Kai ka gani. Kuma ba mutum ɗaya ba ne: daga baya na ji cewa a zamanku na ƙarshe an amince a jingine ƙarar duk mai zane har ƙura ta lafa. Idan ba haka aka yi ba, ka ƙaryata ni a fili, zan buga neman afuwa da hannuna. Idan kuwa haka ne, to kwamitin da aka kafa don hana hukunta mutum da fuskarsa ya fara tantance masu ƙara da fuskokinsu. Mutuncin da ake tsarewa ta hanyar ƙin amfani da shi, wa zai amfana?

Na biyar, shaidar da na samu. Ammu Salim ne, mai gasa burodi a bakin lungunmu, Balarabe, ba ya jin Hausa ko kalma goma. Da na yi masa bayani bai tambaye ni abin da za a ce ba. Cewa ya yi ya tuna ranar, domin kukan jaririn ya sa ya leƙo yana faɗa, yana tambayar me muke yi wa yaro. Ya riga ya je gaban umda ya rantse. Umda ya ajiye takardar, rabinta babu rubutu.

Abin da nake roƙo:

Ka sauka daga kujerar shugabanci na safiya ɗaya, ka je gaban umda a matsayin Idrisu ɗan mai gidan da aka yi haihuwar, ka faɗi abin da idonka ya gani, ba ƙari ba ragi.

Kwamiti ya janye shawarar jingine ƙarar masu zane, ya sanar da haka a fili. Akwai samari da yawa a Jarwal da Misfala da suka daina fita neman abinci saboda kumatunsu.

Idan kuma ka tsaya a kan ƙi, to ka zo ka gaya wa uwar Sa'idu da bakinka. Ni na kasa. Har yanzu ce mata nake ayyuka ne suka yi maka yawa, ita kuma tana cewa ai Yaya Idrisu ba zai bari ba.

Ranar Lahadi da hantsi umda zai zauna. Abokan aikin Sa'idu sun ba da mota. Ni da Ammu Salim za mu tsaya a ƙofar shagonka, mu zauna a baya, mu bar maka gaba. Ba zan shigo in sake roƙo ba, ba kuma zan sa a danna maka odar mota ba. Za mu jira har a kira azahar.

Allah ya ja kwananka, ya albarkaci kasuwarka da zuriyarka, ya tsare 'ya'yanka daga ranar da za su nemi wanda ya san su a rasa. Allah ya ba ka ikon faɗin abin da ka gani tun yana da amfani.

Wassalam.

Ƙaninka,
Haruna Bagobiri,
Jarwal, Makka.