Injin Niƙan Kawu Sule

Zuwa ga Yaya Habu, a Ikko.

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali? Mu nan Dutsin-Ma lafiya lau.

Bayan haka, Kawu Sule ya kafa injin niƙa mai lantarki a Kurfi, yana ba shi wuta daga tsohon injin wutar Turawan gyaɗa. Amma injin niƙan nawar aiki gare shi, ga zafin da ba ya taɓuwa. Dillalin da ya kawo shi ya ce wai geron Kurfi ne ke da tauri.

Ban yarda ba. An kankare lambar jikin injin niƙan da wuƙa, amma na gane sittin ce, injin wutar kuwa hamsin. Na karanta cewa lambar ita ce yawan kai da komowar wuta a sakan, kuma in suka saɓa haka yana iya ƙonewa.

Kawu ya ce, "Haba Malam, goma ce kawai tsakani!"

Na ɓoye bel ɗin da ke juya injin har amsarka ta zo kan abin da ya kamata a yi, tunda lantarki aikinka ne. Kawu ya daina amsa gaisuwata.

A sa mu a addu'a. Gai da Yaya Binta.

Ƙanenka, Malam Isa.