Ƙorafi kan Gidajen da Aka Cire daga Taswira da Halin da Malama Hafiza Take Ciki

Daga: Sanda Lirwanu Gummi,
Jami'in Kula da Na'urori,
Kamfanin Madobiya na Ba da Shawara kan Fasahar Kwamfuta, Reshen Anka.

Zuwa ga: Mai girma Babban Darakta,
Kamfanin Madobiya, Hedikwata, Abuja.

Litinin, 9 ga Yuli, 2012.

Game da: Yadda ake tafiyar da ma'aikata a Reshen Anka, musamman abin da ya sami Malama Hafiza Ɗanmusa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, ina neman izinin gabatar da wannan ƙorafi a madadin abokiyar aikina, Malama Hafiza Ɗanmusa, jami'ar shigar da bayanai a wannan reshe. Ba ita ta sa ni ba. Na nemi yardarta, ta ce in yi yadda na ga dama.

Kamar yadda Yallaɓai ya sani, aikin reshenmu shi ne karɓar sakamakon awon ƙasa daga ƙauyukan da gubar dalma ta shafa a Anka da Bukkuyum, mu shigar a kwamfuta, mu fitar da taswira. Gidan da gubarsa ta yi yawa yakan fito ja, wanda ya tsira ya fito kore. Da wannan taswira ma'aikatan lafiya suke sanin gidan da za su fara zuwa. Malama Hafiza 'yar ƙauyen Sunke ce, tana da difloma a fannin kwamfuta, an ɗauke ta aiki a watan Oktoba na 2011. Ita kaɗai ce a cikinmu ta san gidajen nan da sunayen masu su, ba da lamba kawai ba. Ga abubuwan da nake ƙorafi a kansu:

1. Kowace Litinin da ƙarfe takwas na safe, Manajan Reshe, Malam Usama, yakan tara mu a abin da yake kira taron iyali. A nan ake haska taswira a bango. In kore ya ƙaru, a yi tafi. In ja ya ƙaru, sai ya tambayi wanda ya shigar da shi, ya sa shi ya miƙe tsaye ya yi bayani, kamar shi ya zuba gubar. Ya sha faɗa mana cewa masu ba mu aiki ci gaba suke son gani, kuma duk mai ƙaunar kamfani ya san abin da ya dace. Tun watan Janairu ya hana a ambaci kalmar guba a cikin ofis. Adadi muke cewa. Mun saba, har a gida nakan ji kaina ina cewa adadi.

2. Ranar Litinin, 5 ga Maris, Malama Hafiza ta shigar da sakamakon gidaje goma sha ɗaya na Sunke. Uku sun fito ja. Ɗaya daga ciki gidan mahaifinta ne, inda yayanta Sufyanu yake zaune da matarsa da ɗiyarsu Tasalla, mai shekara biyu. Manaja ya ce rana ce ta dafa na'urar awo, ya ba da umurni a sa wa gidajen uku alamar "a sake dubawa". Yallaɓai, a tsarinmu gidan da aka sa wa wannan alama ba ya fitowa a taswira, ba ja ba kore, kuma ba ya shiga jerin da ake aika wa ma'aikatan lafiya. Malama Hafiza ta tambaya cikin ladabi yaushe za a sake dubawar. A gaban ma'aikata tara ya ce mata: "Malama, ki bar zumunci a bakin ƙofa in kin zo aiki." Wasu sun yi dariya. Har ranar da nake wannan rubutu ba a koma an auna gidajen ba. Kuma ba su kaɗai aka sa wa wannan alama ba.

3. Daga wannan mako aka ɗauke teburinta daga ɗakin aiki zuwa baranda, kusa da ƙofar janareto. Aka karɓe aikin shigar da sakamako daga hannunta, aka ba ta sauya wa hotuna suna. Babu wanda ya ce mu daina gaishe ta. Babu takarda, babu umurni. Mu ne dai muka lura da inda Manaja yake kallo, muka riƙa wucewa ta gabanta muna duba waya. Da azahar takan ci abincinta ita kaɗai a wurin, janareto na aiki.

4. Ba ta zauna haka nan ba. Ta je Sunke ta faɗa wa mutanen gidansu su daina barin yarinya tana wasa a tsakar gida, su kwashe duwatsun zinariya masu ɗauke da gubar da yayanta ya koma tarawa a bayan ɗaki. Ta gaya mini amsar da Innarta ta ba ta, kuma ina rubuta ta yadda na ji: "In da da wani abu, ai da mutanenku sun taho. Sun shiga gidan maƙwabta, ba su shigo namu ba." Ba ta da takardar da za ta nuna musu, domin an rufe mata hanyar shiga bayanan.

5. Ranar Laraba, 16 ga Mayu, ta nemi hutun kwana ɗaya a rubuce domin ta kawo Tasalla asibiti a Anka, saboda yarinyar ta daina cin abinci, tana yawan amai. An hana ta. Dalilin da aka bayar shi ne washegari baƙi za su zo daga hedikwata, kuma ana bukatarta a hoto, kasancewar ita ce mace 'yar yankin. Ranar 17 ga wata aka mayar da teburinta ciki na tsawon awa uku. Aka ba ta rigar kamfani ta ɗora a kan hijabinta, aka zaunar da ita gaban kwamfuta, aka ce ta yi murmushi. Hoton yana shafi na biyu na rahoton da ke ofishin Yallaɓai. Baƙi na fita aka mayar da teburin baranda.

Ta roƙi yayanta ya kai yarinyar, ya ce a bari sai bayan kasuwa. Ranar Litinin, 21 ga Mayu, aka kawo Tasalla asibiti a kan babur tana jijjiga. Tana raye. Ba ta gani, kuma ba ta ƙara kiran sunan kowa ba. Ni ba likita ba ne, ba zan ce da an kawo ta ranar 17 da abin bai kai haka ba. Kwanakin kawai nake jerawa.

6. Malama Hafiza ta yi kwana uku a asibiti tare da su. Da ta dawo ta tarar da takardar tuhuma a kan teburinta, ta rashin zuwa aiki ba tare da izini ba. Ta amsa da layi ɗaya: "Na yi kuskure, ba zan sake ba." Tun daga ranar takan zo takwas saura, ta tashi ƙarfe huɗu. Ba ta kuka, ba ta gardama, ba ta tambayar komai. In an ce ta yi, ta yi.

7. Ranar Litinin da ta wuce, 2 ga Yuli, a taron iyali, Manaja ya bayyana ta a matsayin gwarzuwar ma'aikaciya ta wata, saboda abin da ya kira natsuwa da biyayya. Ya ce mu yi koyi da ita. Ta miƙe, ta karɓi takardar yabo da hannu biyu, ta ce ta gode. Muka yi tafi. Ina cikin masu tafin.

8. Wajibi ne in faɗi nawa laifin. Ni aka ce in rufe mata hanyar shiga bayanai a watan Maris, na kuma rufe, bai ɗauke ni minti biyu ba. Ni ne kuma nake ajiye kwafin duk sakamakon da ya shigo tun kafin a taɓa shi. Wata huɗu ina da shi a hannuna. Ina da iyali a Gummi, kuma ina tsoron baranda. Wannan ba hujja ba ce, bayani ne kawai.

Saboda haka, cikin ƙanƙan da kai, ina roƙon Mai girma Babban Darakta ya ba da umurni a miƙa wa ma'aikatan lafiya asalin sakamakon duk gidajen da ke ƙarƙashin "a sake dubawa" a Sunke da Duza da Yargalma cikin wannan mako, domin damina ta sauka, yara suna wasa a ruwan tsakar gida. Ina roƙon a turo wanda ba ya ƙarƙashin Manajan Reshe ya binciki abin da na zayyana, ya ji ta bakin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, ba a taro ba. Ina roƙon a janye takardar tuhumar da aka ba Malama Hafiza, a mayar da ita kan aikinta, a kuma cire hotonta daga rahoto. Duk hukuncin da ya hau kaina, na karɓa.

Kafin in sa hannu na karanta mata wannan takarda a baranda. Ta saurara ba ta ɗago kai ba. A rubutuna na farko na ce gidajen da aka cire goma sha tara ne. Nan kaɗai ta tsayar da ni, ta ce ashirin da ɗaya ne, ta lissafo mini masu su da sunan kowane yaro da ke ciki. Na koma na duba na'ura, haka ne. Jerin sunayen yana haɗe da wannan takarda.

Allah ya ƙara wa Yallaɓai lafiya, ya yi masa jagora.

Naka mai biyayya,

Sanda Lirwanu Gummi
Jami'in Kula da Na'urori, Reshen Anka